Saura sati uku egzame, ni kuma zuciyata ta mutu da karatu

"Salamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a shekara ta biyu ta lisansi nan Yamai, daga Tawa na zo, muna haya Harobanda ni da wasu abokai. Saura sati uku mu fara egzame amma wallahi zuciyata ta mutu. In na buɗe kaye sai barci, in na rufe sai tunani. Farkon samestir ni ne gaba a anfi, babban zauren da ake ba mu darasi, yanzu tashi daga tabarma ma aiki ne. Matiyar tara ke jirana, bursi ba ta faɗo ba, gida kuma kowa ya zuba min ido. Mi zan yi karsashina ya dawo?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'a. In na fahimce ka da kyau, kanka na ɗaukar karatun kuma ba ka tsani fannin da kake yi ba, kawai mota ce ta mutu maka ana hango fitilun gari. To ka kwantar da hankalinka tukuna, shekaru sama da goma sha biyar ina tsayawa gaban ɗalibai kuma ban taɓa ganin samestir ɗin da wanga abu bai faru ba. Satin farko anfi cike maƙil har wasu na zaune bakin taga, wasu sun zo tun bayan asuba sun aje kaye a benci don kama wuri, amma ka dawo sati na goma ka ƙirga kawuna, sai ka rantse annoba aka yi. Waɗanda suka zo ɗin ma rabi gyangyaɗi suke.

Sai dai tambayar taka akwai wurin da zan ɗan gyara. Ka ce mi za ka yi karsashi ya dawo, wato a ranka tsarin shi ne karsashi ya fara zuwa sannan ka zauna karatu. A cikin sati ukun nan in ka tsaya jiransa za ka ga ranar egzame ta riga shi isowa. Abin da na gani a kaina da kuma ɗalibaina shi ne karsashi bayan aiki yake biyowa, sai ka zauna ba ka so, ka gama wani ɗan abu ƙarami da za ka iya nunawa da yatsa ka ce wannan na gama shi, sannan zuciya ke ɗan buɗewa ta yarda da na biyu. Duk abin da zan faɗa maka ƙasa a kan wannan ya ginu.

Mi ya kashe karsashin

Kafin ka zargi kanka da lalaci ka dubi jikinka. A Yamai watan Afrilu da Mayu zafin rana na wuce digiri 40, kwanon ɗaki ya sha rana tun safe, dare ya yi bango na amayo zafin, in kuran ya ɗauke bantilate ya tsaya sai juyi a tabarma har ƙarfe uku. Ni kan yi wa ɗalibai wasa in ce jami'ar da aka sa wa sunan Abdou Moumouni, ɗan Tasawa da ya ƙare rayuwarsa yana binciken yadda za a ci moriyar hasken rana, ai dole ku ɗanɗani ranar nan da kyau. To mutumin da ya yi barcin awa huɗu, ya karya da shayi da rabin burodi, ya tako da ƙafa cikin ranar nan, in ya buɗe kaye barci ya kwashe shi ba zuciyarsa ce ta mutu ba, jikinsa ne ke karɓar bashin da yake bi. Kuma ka ce bursi ba ta faɗo ba, na san ma'anar wannan a cikin ciki.

Abu na biyu shi ne tarin da ba shi da fuska. Farkon samestir aikinka a fili yake, ka je kur ka rubuta ka dawo. Yanzu kuwa abin da ke gabanka sunansa "matiyar tara", kuma ba wanda ya taɓa zama ya karanta matiyar tara, ba ta da bakin kamawa. Ga polikopi an jibge maku a makare, ga malamai na gudu su ƙare porogaram suna sa kur har Asabar, in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Ƙwaƙwalwa in ta dubi aikin da ba ta san ta ina za ta fara ba sai ta gudu wurin abin da ke da sauƙi, shi ya sa za ka ga hannunka ya kai kan portabul ba ka ma san lokacin da ka ɗauka ba.

Na ukun shi ne idon gida. Wannan ba zan raina shi ba. Yaro ya taso daga Adar, ƙasar su Tawa, watakila shi ne na farko a gidansu da ya ci bak, jarrabawar shiga jami'a, tsohuwa ta saida tunkiya aka haɗa kuɗin mota, duk kiran da aka yi sai an ce "muna nan muna yi maka addu'a", shi kuma addu'ar nan yana jinta kamar buhun gero a ka. Tsoron kunyata mutane kan tura wani ya yi karatu, amma da yawa daskarar da su yake, ya zama buɗe kaye ma tuna masu yake da abin da suke tsoro. Zan dawo kan wannan.

Ka ɗauki bik ka yi lissafi

Aikin farko da zan ba ka ba karatu ba ne. Ka samu takarda guda, ka jera matiyar taran nan, gaban kowace ka rubuta kiredinta, wato nauyin da aka ba ta, da makin da ka samu a dabuwar, wato gwajin da ake yi cikin samestir, da ranar da za a yi egzame ɗinta. A tsarin LMD (lisansi, masta, doktora) da muke kai samestir guda kiredi 30 ce, lisansi gaba ɗaya 180, kuma kiredin nan ba daidai aka raba su ba, wata matiyar na ɗauke da 6 wata 2. Abin mamaki ɗalibai da yawa da nake tambaya ba su san nauyin matiyoyinsu ba, sai ka iske yaro ya kashe kwana huɗu kan mai kiredi 2 don malaminta na da ban tsoro, ya bar mai 6 sai daren ƙarshe.

Bari in ba ka misali da lissafi, amma ka bincika yadda rabon yake a fakultenku don kowace da nata. A ce dabuwar na da kashi 40 cikin ɗari, egzame na da 60. In ka samu 8 bisa 20 a dabuwar, kana buƙatar wajen 11,5 a egzame ka kai 10. In kuwa 14 ka samu, 7,5 ma ta fisshe ka. Ka ga waɗannan matiyar biyu ba lokaci ɗaya suka cancanta ba ko kusa. Sannan ka je sikolarite, ofishin da ke kula da takardun ɗalibai, ko ka tambayi delege ɗinku, wakilin ajinku, ƙa'idar cike gurbi, wato ko makin wata matiyar na iya ɗaga wata a cikin rukuni guda, da ko akwai makin da in ka faɗo ƙasansa ba abin da zai cece ka, da yadda ratarapaji, egzamen dama ta biyu ga wanda ya faɗi, ke tafiya. Kar ka ɗauki wannan daga bakin ƴan fada, masu zaman hira da shayi, kowa da irin tasa fatawar.

In ka gama za ka ga taran nan sun rabu da kansu. Akwai uku ko huɗu da ka riga ka tsira, bita kawai suke so. Akwai huɗu ko biyar da ke tsakiya kuma masu nauyi, nan ne za ka zuba ƙarfinka. Watakila kuma akwai guda da ta riga ta yi nisa, ba ka halarci kur ɗin ba, ba ka gane komi ba. Wasu abokan aikina ba za su so abin da zan faɗa ba amma ni ra'ayina ke nan: in ta kama, ka ba ta ɗan abin da ya samu ka shirya haɗuwa da ita a ratarapaji, da ka narkar da sati guda a kanta ta ja maka uku su faɗi tare da ita. Ka dai shiga egzame ɗin ka rubuta abin da ka sani, kar ka ƙi zuwa.

Wanke allo

Yanzu yadda za ka yi karatun. Na tabbata abin da kake kira bita shi ne ka buɗe kaye ka bi layi da ido, ka ja jan bik ƙarƙashin wasu wurare, ka juya shafi. Wannan shi ne karatun da ya fi kawo barci kuma shi ya fi yaudara, don duk abin da idonka ya faɗa kai sai ka ji ai na san wannan, ranar egzame kuma a ba ka farar takarda ka neme shi ka rasa.

Ka tuna makarantar allo. Malam bai taɓa cewa ka wanke don ka kalli allon sau ashirin ba. Sai ka kife shi ka biya da ka, in ka cije a mayar da kai, in ka wuce sannan a ce je ka wanke. Masu binciken ƙwaƙwalwa sun zo sun tabbatar da abin da alarammomi suka daɗe suna yi. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun ba ɗalibai rubutu, wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu kuma aka karɓe takardar aka ce su rubuto abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar masu maimaita karatu ne gaba, amma da aka dawo bayan sati guda sai waɗanda suka sha wahalar tunowa suka wuce su. Tun 1885 ma wani Bajamushe, Ebbinghaus, ya gwada a kansa ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a awannin farko bayan koyo sannan ta rage sauri, shi ya sa bita uku a rana uku daban ta fi bita uku a dare guda.

To ga yadda nake sa ɗalibaina. Ka karanta sashe guda, shafi uku ko huɗu, ka rufe kayen ka sa shi ƙarƙashin cinyarka, ka ɗauki takarda ka rubuta duk abin da ka tuna. Za ka ji haushi, za ka ga layi biyar kawai suka fito. Ka buɗe ka duba abin da ya tsere, ka rubuta shi da jan bik, gobe kafin ka shiga sabon sashe ka sake gwada na jiya. Ka nemi tsofaffin suje wurin ƴan shekara ta uku ko wurin masu fotokopi, ka zauna ka amsa da agogo a gabanka. Amfanin wannan ga matsalarka shi ne ba a gyangyaɗi ana rubutu, kuma kana ganin ci gaba da idonka, jiya layi biyar yau goma sha biyu. Wannan ganin shi ne abincin karsashin da kake nema.

Kuma kar ka ce "yau zan yi karatu". Ka ce bayan sallar asuba, a benci kaza, zan yi sashe na biyu na matiyar kaza. Ranar da zuciya ta ƙi sam, ka yi ciniki da ita a kan minti ashirin da biyar kawai, ka ce in sun cika na tashi. Galibi in ka fara za ka zarce, in kuma ba ka zarce ba to ka samu ashirin da biyar ɗin, ta fi babu.

Shayi, dare da abin da ya same ni

Ina shekara ta biyu kamar kai, daren wata matiyar da nake tsoro muka ce yau ba barci. Mu huɗu ƙarƙashin fitilar titi, an hura gawayi, an ɗora buta, na farko mai ɗacin nan na sha kofi biyu, aka yi na biyu aka yi na uku aka sake sabon ganye. Har kiran assalatu ina ji kamar na haɗiye kayen nan duka. Ƙarfe takwas aka raba suje, na karanta tambaya ta farko na gane ta sarai, na san ma a wane shafi amsar take, gefen dama daga ƙasa inda man ƙosai ya ɗiga, amma abin da ke rubuce wurin ya ƙi zuwa. Hannuna na rawa, cikina na ƙugi. Can na ce bari in ɗan kifa kai minti ɗaya, sai ji na yi mai tsaron egzame na buga tebur yana cewa saura rabin awa. Na samu 6. Abokina da ya tashi ya bar mu ƙarfe sha ɗaya muna yi masa dariya muna ce masa rago, 13 ya samu.

Dalilin a fili yake, cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke daddale abin da aka zuba mata da rana, in ka hana ta kamar ka yi ta zuba ruwa a tulun da ba a gasa ba ne. Shayi kuma sinadarin da ke hana barci a cikinsa na ɗaukar wajen awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, ka ga wanda ka sha ƙarfe goma na dare yana nan tare da kai har asuba. Ban ce ka bar shayi ba, na san ba za ka bari ba, ni ma ban bari ba, amma ka tsayar da shi daga la'asar.

A wannan zafi lokacin zinariya shi ne daga asuba zuwa wajen ƙarfe tara, nan za ka sa matiyar da ta fi wuya. Tsakar rana kar ka yi faɗa da ita, ka ci abinci ka watsa ruwa ka kwanta ko rabin awa ne. Bayan magariba ka yi aiki mai sauƙi, tambayoyi da bita da abokai. Ruwa kuma ka sha tun kafin ƙishi ya kama ka, ciwon kan da ɗalibai ke kawo min kuka da shi sau da yawa rashin ruwa ne. Abinci ba sai mai tsada ba, shinkafa da wake, dambu da zogale, fura, ƙuli-ƙuli a aljihu. In kuɗi sun yanke ku haɗa tukunya da ƴan ɗakinku, kuma kar kunya ta hana ka zuwa wurin ƴan garinku, mutanen Adar ba su da kaɗan a Yamai, ba wanda zai ji ɗan Tawa na egzame da yunwa ya kau da kai.

Abu guda da zan ɗaga murya a kansa: tramol da sauran ƙwayoyin da ake cewa suna hana gajiya. Tramol maganin ciwo ne dangin masu kama mutum, yana iya jawo farfaɗiya, kuma na ga yaran da suka fara da "na egzame kawai" suka ƙare ba su gama lisansin ba. Kar ka kusance shi ko abokinka ne ya miƙo maka.

Fada da portabul

Karatun rukuni na da amfani in ku uku ne ko huɗu kuma kowa ya zo da sashen da zai koya wa saura, don wanda ya bayyana abu da bakinsa ya fi kowa riƙe shi. Da kun kai bakwai kuma an ɗora buta to fada ce, a kira ta da sunanta. Ka kuma guji masu zuwa suna cewa "ni na gama bita sau biyu", yawanci ƙarya suke, kuma ko gaskiya ne ba abin da zai ƙara maka sai faɗuwar gaba. Portabul kuwa kar ka dogara da ƙarfin zuciyarka, ka ba abokin ɗakinka ya riƙe maka awa biyu ko ka bar shi ɗaki ka fita. In kur ɗin a WhatsApp aka turo, ka sauke shi ka kashe intanet ɗin kafin ka fara.

Maganar gida da na ce zan dawo kanta. Ka kira tsohuwa da kanka kafin ta kira ka, ka ce mata Inna egzame ya matso, abin da wuya amma ina ƙoƙari, ki ci gaba da addu'a. Sau da yawa nauyin da muke ɗauka mu muka ƙara masa duwatsu, ita lafiyarka ta fi damunta da makin da ba ta ma san yadda ake ƙirga shi ba. Kuma ratarapaji ba mutuwa ba ce, cikin waɗanda ke koyarwa yau akwai da yawa da suka bi ta nan, ga ɗaya yana rubuto maka.

Inda iyakata take

Ni malami ne, ba likita ba, kuma duk abin da na faɗa na gajiyar ƙarshen samestir ne wadda aka saba. In ka ga abin ya wuce karatu, sati biyu ko fiye ba ka jin daɗin komi har ƙwallo da hira, abinci ya fita ranka, barci ya ƙaurace ko ya yi yawa, kana jin ba ka da amfani, ko tunanin cutar da kanka na zo maka, to wannan ba shawarar jadawali yake so ba, ka je asibiti ka faɗa wa likita kamar yadda ka faɗa min, kuma ka sanar da wani babba da ka yarda da shi yau ɗin nan. Haka in kasalar na tare da zazzaɓi ko jiri, a duba jininka, zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini kan ɓuya a bayan abin da muke kira lalaci. Sannan ban san fanninka ba, mai lissafi da mai shari'a ba bita iri guda suke ba, mai lissafi motsa hannu a kan te-de, wato tambayoyin atisaye da ake warwarewa a aji, ya fi masa komi.

Daren yau dai kar ka buɗe kaye ko guda. Ka yi takardar lissafin nan, ka zaɓi sashen da za ka fara da shi, ka aje kayen da bik da farar takarda kusa da tabarmar sallarka, ka kwanta kafin sha ɗaya. In ka yi kwana uku a haka ka sake rubuto min, ka haɗo da kiredin matiyoyin da makin dabuwar ɗinka mu duba wacce za a sa gaba.